Matakala Talatin da Biyu

Kai mai karatu, gyara zama in ɗaura maka wani kacici-kacici. Mene ne wannan: ba shi da ƙafa amma yana saukar mini matakala talatin da biyu, ya hawo ba ya haki, ya shekara goma yana rungume da albasa bai taɓa hawaye ba, in ya iso kuwa, da muryar keken marigayi mijina yake sallama?

Kada ka yi saurin cewa tsohuwa ta ruɗe. 'Yar cikina ta riga ka faɗa, kuma saura ƙiris maganar ta raba ni da ɗakina. Ga wasiƙun da muka yi da ita a hutun da ya wuce. Ita Auta ma'aikaciyar jinya ce a sansanin masu gina madatsar ruwa, can inda waya ba ta kamawa, direban motar magani ne ke kai takarda ya kawo. 'Yarta mai shekara goma sha ɗaya tana wurina. Nawa wasiƙun da kanta ta dawo mini da su, wai in karanta in ji kunya. Na karanta, ban ji ba.

*

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan aiki bai cinye ki ba. Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ke yi mini gardama kowace safiya, ta dama kuma ta fara koyon halinta. 'Yarki Me-ya-sa tana nan ƙalau, tana ci kamar an aiko ta. Sunan da na laƙaba mata bai tashi a banza ba. Jiya ta tambaye ni me ya sa ruwa ba ya hawa matakala, na ce ya ga abin da suka yi mini ne.

Wasiƙarki ta zo, ita ta karanta mini, don rubutunki kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya.

Yanzu ga magana. Ajin hutun nan da kika sa ta, na makarantar ƙarshen layinmu, kin ce kimiyya da zane za a koya musu. Ni dai abin da nake gani, yarinya ta fita fes ta dawo da gam a gashi. Ranar farko ta kawo gada ta tsinken shan lemo, ta ɗora mata kofi uku ba ta karye ba. Na huɗun ne ya jawo mini asarar kofi. Kashegari ta soka waya a lemon tsami huɗu, ta kunna wani ɗan ƙwan fitila kamar idon kifi. Na ce madalla, an samu wuta an rasa lemo. Malamarsu, wadda na sa wa suna Malamar Tarkace, ta kafa musu doka wai ba a sayen komai, da abin da aka daina amfani da shi a gida ake aiki.

To tun da aka kafa dokar nan gidana ya fara ramewa. Igiyar shanya sabuwa da na rataye a bayan ƙofa, babu ita. Albasa na tarar a zube cikin roba, kwandonta ya yi tafiya. Muciyata babba, wadda ta girme ki, ita ma ta bi su.

Ban ce wa yarinyar uffan ba. Kin san ni, ba na son a rigaye ni da ban haƙuri, na fi son in kama hannu dumu-dumu. Amma zargina yana kan malamar. Mace ta tara yara talatin, kowa ya kwaso mata kayan gidansu, ina take kai su? Daga barandata ina hango mai sayen gwangwani yana tsayawa da kurarsa daidai ƙofar makarantar. Ke da kika yi karatu mai zurfi, haɗa mini wannan da wancan.

Ki ci abinci, kada ki dawo mini kamar tsinken gadar 'yarki.

Innarki

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya jiki, ya gwiwa? Nan lafiya, sai ruwan sama da ma'aikata masu sare yatsa. Ki riƙa shafa maganin da na bari, ba ajiye shi za ki yi a saman firji kina gaishe shi ba.

Na karanta wasiƙarki ina dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Amma Inna, kin duba ƙarƙashin gado? Kin duba bayan buhun shinkafa? Bara kin yi rabin yini kina neman tabarau yana goshinki. Kuma ke ce kika sa ni da Yaya muka shekara muna gaida rediyo, wai akwai ɗan tsoho a ciki mai fushi in ba a gaishe shi ba. Shi ya sa in kina ba da labari ban san inda wasa ya tsaya ba.

Malamar na san ta, mun yi magana kafin in sa yarinyar. Ba ta da haɗi da mai gwangwani. Don Allah kada ki je ki yi mata irin taki.

Abin da ya fi damuna, ba ki ce komai ba kan maganar da na rubuta a ƙarshen waccan wasiƙar. Shirun yarda ne ko na fushi?

Autarki

*

Auta,

Na gaishe ki, don gaisuwa ba ta yi mini laifi ba. Jiki da sauƙi. Ina shafa maganin, yana wari kamar garejin mai gyaran babur.

Da kika ce maganar ƙarshen wasiƙa, sai na ce wace magana? Na jira yarinyar ta tafi aji, na ɗauko tabarau, daga goshina in kina so, na bi tururuwarki ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi: wai in matakalar nan ta fi ƙarfina, Yayanki ya gyara mini ɗaki a gidansa, ƙarshen hutu in koma. 'Yarki da ta zo layin nan tsallake shi ta yi, ta wuce kan gaisuwar maƙwabta ko tari ba ta yi ba. Ashe ban da ɓarauniya har da mai tace mini wasiƙa nake ciyarwa.

Ɗakin Yayanki na san shi. Tagarsa bango take kallo, bangon kuma ba ya gaisuwa. Nan shekarata talatin da ɗaya. Daga barandar nan na san wanda ya yi sabon takalmi da wanda matarsa ta yi yaji. A nan keken babanki yake jingine inda ya bar shi. Ba inda za ni.

Da na ce keken, ƙafarsa ta gaba ta ɓace. Ƙararrawarsa ma an kwance ta, ramin kusoshi kawai aka bar mini. Ki ce wannan ma a bayan buhun shinkafa yake.

Kuma na fara sauke zargi daga kan malamar ina ɗora shi a kanki. Sau biyu ina leƙa Me-ya-sa a ƙasa tana ƙus-ƙus da mai waldan da ke shagon ƙasan benenmu, suna nuna barandata. Ran Talata na kama ta ta sako zare daga baranda har ƙasa tana ƙulla masa alama. Na ce mene ne, ta ce aikin aji ne. Aikin aji ko awon inda za a zuro gadona? Ki faɗa mini gaskiya, ke kika sa ta ta riƙa kwashe kayana ɗaya-ɗaya zuwa gidan Yayanki, don ranar tashi kaya su yi sauƙi?

Har yanzu ban tambaye ta ba, yanzu ma ba zan tambaya ba. Duk “ina kaza” da ya fito daga bakina, na san a littafin mantuwata za ku rubuta shi.

Ga wata kuma. Shekaranjiya da la'asar ina kishingiɗe, na ji ƙararrawar keken babanki a ƙasan bene, sau biyu, kamar yadda yake yi in ya dawo. Muryarta ko cikin dubu na san ta. Kafin in ja gwiwa zuwa baranda, babu kowa.

Innarki, mai cikakken hankali

*

Inna,

Ina gaishe ki. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga.

Wallahi ban sa yarinyar ta ɗauki ko cokali ba. Ban ma san ba ta karanta miki layin ba.

Inna, Baba shekararsa tara da rasuwa. Na karanta wurin ƙararrawar nan ya fi sau goma. Aikina ne, na ga yadda abin yake farawa: kaya su riƙa ɓacewa, sai a fara zargin na kusa, sai a fara jin abin da babu. Ba rashin kunya nake miki ba, tsoro nake ji. Da gwiwa ce kawai da na bar ki da barandarki. Yanzu ina tunanin risho a kunne, da matakala talatin da biyu, da yarinya ƙarama ita kaɗai tare da ke.

Kada ki kunna wuta sai tana kusa. Ki ba direba amsa a wannan zuwan, ko layi biyu ne.

Autarki

*

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau kwana goma sha tara ban ga rubutunki ba. Ruwa ya cinye hanya mako guda, wannan na sani. Amma direba ya zo sau biyu bayan nan hannu wofi. Ya ce kin leƙo ta baranda kin ce a gaishe ni, shi ke nan.

Na aika wa Yaya. Ranar Asabar ta ƙarshen hutu zai zo da mota da kwalaye. Ke da Me-ya-sa duka za ku koma gidansa har in samu hutu in kai ki a duba ki. Ki yi fushi da ni, na yarda, in dai kina da lafiya.

Autarki

*

Zuwa ga Autata, likitar da ke duba mutum ta takarda,

Na gaishe ki gaisuwar wanda ya ci nasara. Gwiwa tana gaishe ki, ta ce ta samu hutu. Na ƙi amsa miki ne don duk abin da na rubuta ma'aunin zafi kike soka masa. Na ce sai na riƙe shaida a hannu.

Ran Alhamis na ɗaura ɗamara. Na bar yarinyar ta fita, na bi matakalar nan ɗaya-ɗaya ina yi wa wanda ya gina su addu'ar da ba zan rubuta ba, na nufi makarantar. Auta, ba ki ga ɗakin ba. Kwali har rufi. Wasu na tura mota mai ƙafafun murfin kwalba da iskar balan-balan. Wasu sun jiƙa gawayi da jan ƙasa suna zana fuskokinsu a takarda, kowa ya ƙara wa kansa kyau. Wata mai haƙoran gaba biyu a cire tana jan allura a kan ruwa da maganaɗisu, tana yi mata tsawa.

Malamar Tarkace 'yar ƙarama ce, fensir a soke a ɗankwali. Tana ganina ta washe baki ta ce lallai ni ce Kakar da ake yi wa aiki. Na ce ni ce Kakar da ake yi wa sata, na jero mata kayana tun daga igiya har ƙararrawa, na tambaye ta nawa mai gwangwani ya ba ta. Baiwar Allah ta dafe ƙirji. Ta ce dokarta biyu ce: abin da aka daina amfani da shi, kuma da izinin mai shi. 'Yarki ta ce mata ta tabbatar. Shi kuma mai gwangwani kawo musu murafe yake yi kyauta, 'yarsa ce mai yi wa allura tsawa.

Aka kira Me-ya-sa da littafinta. Ta zo tana kallon ƙasa kamar ta ga abin tambaya a wurin. Malamar ta buɗe, sai ga shafi an ja masa layi da rula, an rubuta Gwajin Kwana Uku. Wai an koya musu kada su yi zato, su gwada. To ita da ta so ta san ko ina amfani da abu, sai ta ɓoye shi a ƙarƙashin gadonta kwana uku. In na neme shi ta mayar, in ban nema ba ya zama tarkace. Ga su a jere da rubutunta mai kyau, wanda bai biyo naki ba. Igiya, Kaka ba ta tambaya ba. Kwando, Kaka ba ta tambaya ba. Muciya, Kaka ta tsaya a kicin ta daɗe, amma ba ta tambaya ba.

Kin gani? Ni ina shiru ina haƙon ɓarawo, ita tana rubuta shiruna a matsayin izini. Malamar ta rufe baki da littafin, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce wa yarinyar gwajin ya tsaru, amma ta manta wanda ake gwadawa yana iya yin shiru da gangan, musamman irin wannan Kakar.

Na ce to, uwar gwaji, me za ki yi da ƙafar keken kakanki? Ta ce, “Na ga abin da Umma ta rubuta. Na ƙirga, sau huɗu kike sauka a rana: burodi, shara, mai kayan miya, da direba in ya zo. In kaya suka daina saukar da ke, gwiwarki za ta huta, ba za a ɗauke ki ba.”

Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta ce, “In na faɗa, sai kin ji layin da na tsallake.”

Na kawar da kai. Wani abu ya shiga mini ido, ina jin garin gawayin masu zane ne.

Kayana duk suna shagon mai walda. Ranar da na ji ƙararrawa, gwada ta suke yi a ƙarƙashin barandata, inda ba na iya hangowa. Ran Juma'a mai walda ya hawo tare da malamar, ya kafa ƙarfe a jikin bango, ba a jikin dogarin baranda ba, don malamar ta dage a kan haka. Aka cire robar ƙafar keken, igiya ta kwanta a kwarinta kamar don ita aka yi. Muciya ta zama abin juyawa. Gwajin farko kwandon ya sauka da gudu, kwalbar ruwa ta fashe a gaban shago, mai walda ya yi wanka bai shirya ba. 'Yarki ba ta ko yi dariya ba, ta rubuta a littafi, ta ce a sa ƙugiya mai riƙe ƙafar in an saki hannu. Aka sa. Ta ƙulla igiyar wuri biyu, yadda in kwando ya kai ƙasa ƙullin zai taɓa ƙararrawa, in ya iso sama ma haka.

Asabar da hantsi sai ga Yayanki da mota da kwalaye goma sha biyu, ya sha fuska irin ta wanda aka aiko aikin da ba ya so. Ya ɗaga kai zai yi sallama, na ce ya tsaya nan. Na sa shayi a flas da kofi a kwando, na juya muciya. Kwando ya sauka a hankali har gabansa, ƙararrawa ta kaɗa sau biyu.

Auta, Yayanki mai furfura a gemu ya sandare. Ya waiga bakin layi, ta inda babanku yake shigowa. Ya daɗe bai juyo ba.

Na leƙa na ce, “Kai ma ka ji? To rubuta wa ƙanwarka ka ce mu biyu ne muka ruɗe.”

Ya hawo da ƙafarsa yana haki fiye da ni. Ya juya muciyar sau uku, ya ja igiyar da ƙarfinsa, ya karanta littafin gwajin har ƙarshe. Kwalayen dai Malamar Tarkace ta gaje su, an ce jirgin ruwa za a yi. Wannan wasiƙar ma a kwando za ta sauka wurin direba.

Innarki, wadda ba ta manta komai ba, har da abin da kika rubuta

*

Inna,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Wasiƙarki da ta Yaya tare suka zo. Na yi dariya, na yi kuka, abokiyar aikina ta ce ni ya kamata a duba.

Ki yafe mini. Ki zauna a ɗakinki. Amma ba leƙe da rabin jiki a waje, ba ɗora buhu a kwando, kuma in na zo za mu je a ga gwiwar nan, ita kam ba labari ba ce. Ki riƙa sauka sau ɗaya a rana don ƙafa ta motsa. Ki je ki ba malamar haƙuri kan maganar mai gwangwani.

Ki gaya wa Me-ya-sa ta daina gwaji a kan mutane ba da saninsu ba. Ke kuma, in abu ya ɓace, ki buɗe baki ki tambaya. Zan zo miki da sabuwar muciya.

Autarki

*

Haƙuri na ba malamar, a kwando na sauke mata shi tare da lemon tsami goma na aji. Tambaya kuwa na koya. Jiya na nemi murfin tukunya na kwaɗa kira, aka ce in ƙara haƙuri, yana kwana na biyu a gwaji.

Amsar abin da na ɗaura maka kuwa, kwandon albasata ne. Yana rataye da igiyar shanya a kan ƙafar keken mijina, ana juya shi da muciya, kuma jikata ce ta haɗa shi a ajin hutu.